Kiɗan jita na bege: Yadda ya ratso ta Sakkwato

A garuruwa irin su Jahun da Dutse, idan saurayi ya rabu da masoyiyarsa, waƙar da yake kunnawa a waya galibi ta fiyano ce, irin ta finafinan Kano. Ba kasafai ake jin jita a cikinta ba. Sai dai a makwabciya Nijar, jita ce ke ɗauke da wannan nauyi.

Abzinawa na kiran salon da suna assouf, kalmar Tamashek da ke nufin bege da kewa da kaɗaici. Ya samo asali ne daga matasan da fari da rashin aikin yi suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Saboda haka a waƙoƙinsu da wuya a raba kewar mace da kewar gida.

Ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ce ta fito da shi duniya, har ta ci kyautar Grammy a 2012.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rawar da ƙasar Hausa ta taka.

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua ne, kuma ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa saboda addini. Da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke.

A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, inda aka tace muryarsa da kwamfuta kamar yadda ake yi wa mawaƙan finafinan Hausa. Sakamakon ya fito da sanyi, mai sa jiki ya mutu, ba irin tsawar da aka san shi da ita daga baya ba.

Babu kamfanin da ya tallata faifan a lokacin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo, ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su, ya sa ɗaya a wani kundi da ya fitar a 2011. Shekaru 10 bayan haka kamfanin Matador, mai hulɗa da mawaƙa masu zaman kansu a Amurka, ya fitar da faifansa Afrique Victime.

Rabuwa da gida dai ba ta bar shi ba. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same shi da abokan kiɗansa a Amurka, aka rufe iyakokin Nijar, suka kasa komawa.

A wannan zaman jira ne suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a New York, suka sake rera sababbin waƙoƙinsu a tsanake, galibi da jita marar lantarki. Faifan, Tears of Injustice, ya fito a farkon 2025.