Kafin Ka Sayi Kyamara Marar Madubi: Sony, Canon, Nikon ko Fujifilm?

Wanda ya saba ɗaukar hoto da waya, ranar da ya tashi sayen kyamara tambayarsa ta farko ita ce megafiksel nawa gare ta. Wayoyi ne suka koya mana haka. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne me za ka riƙa ɗauka, domin amsar ce za ta nuna lensin da kake buƙata, lensin kuma shi zai nuna maka kamfanin da za ka bi.

Tsohuwar kyamarar DSLR tana da madubi a cikinta wanda yake tura haske zuwa idon mai ɗauka. Marar madubi ta cire shi, haske yana sauka kai tsaye a kan sensa, kana ganin hoton a allo kamar yadda ka saba a waya. Panasonic ce ta fara da Lumix G1 a 2008, Sony ta fito da A7 a 2013, Canon da Nikon suka kawo tsarin RF da Z a 2018.

Kowane kamfani yana da irin bakin da ake ɗaura lensi a jikinsa: Sony tana da E, Canon RF, Nikon Z, Fujifilm kuma X. Lensin wannan ba ya shiga bakin wancan. Abin ya yi kama da Android da iPhone, manhajar da ka saya a ɗaya ba ta binka zuwa ɗaya. Jikin kyamara za ka iya sauya shi bayan 'yan shekaru, amma lensi suna daɗewa, kuma a nan kuɗinka zai taru. Idan ka tara uku sannan ka ce za ka koma wani kamfani, sai dai ka karyar da su.

Shi ya sa nake jan kunnen masu neman ta hannu game da Canon M50. Kyamara ce mai kyau, farashinta yana jan hankali, sai dai bakinta EF-M ne, Canon ta daina ƙera wannan tsarin, kuma lensinsa ba sa hawa kan RF. Idan ka san da ita za ka zauna, babu laifi. Idan kana shirin gaba, R50 ta fi.

Sai girman sensa. Babba, wanda ake kira ful-firem, milimita 36 ne da 24. APS-C kusan 23.5 ne da 15.6, Micro Four Thirds na Panasonic da OM System kuma 17.3 da 13. Ko ƙaramin cikinsu ya fi sensar yawancin wayoyi girma sosai. Babbar sensa ta fi jure duhu, ta fi narkar da bayan hoto. Ƙarama kuma tana matso da nesa: lensi mai 50mm a kan APS-C na Sony yana ba ka abin da 75mm zai ba ka a ful-firem.

Mai son shiga harkar biki, kamu da dina a zaure mai ƙarancin haske, shi ne wanda ful-firem take wa rana. A nan ina ganin Sony A7 III ta 2018 har yanzu tana da wuyar kayarwa a kasuwar na hannu. Batirinta yana daɗewa, otofokas ɗinta yana kama idon mutum, kuma tana cin memori biyu a lokaci guda. Kada ka raina wannan na ƙarshen. Memori yana lalacewa, amarya kuwa ba za ta sake zama a yi mata kamu don hotonka ya ɓace ba. Nikon Z5 ma tana da gurbin memori biyu, Canon R8 ɗaya gare ta. Wani abin da ya ƙara wa Sony daraja shi ne Sigma, Tamron da Viltrox sun daɗe suna yi mata lensi masu sauƙin kuɗi, kamar Tamron 28-75mm f/2.8. Canon sai a 2024 ta buɗe wa Sigma da Tamron ƙofa, kuma da APS-C aka fara. Amma idan akwai tsofaffin lensin Canon EF a gida ko a shagon maigidanka, adafta tana ɗora su a kan RF su yi aiki lafiya. Wannan kaɗai ya isa ya sauya lissafi.

Ɗaukar abin da yake gudu daga nesa, dawakai a hawan sallah, ƙwallo, ko tsuntsaye a fadamar Hadejiya da Nguru, ya fi sauƙi da ƙaramar sensa. Canon R7 da R10 suna ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa guda. Lensin Sony 70-350mm a kan a6400 yana kaiwa kamar 525mm, kuma ba zai karya maka wuya ba.

Masu bidiyon TikTok da YouTube suna son Sony ZV-E10 saboda allonta yana juyowa ya fuskance ka. Ka dai sani ba ta da tagar da ake sa ido, a tsakar rana da ƙyar za ka ga allon. Kuma kafin ka biya kuɗin kowace kyamara, ka sa ta ɗauki 4K na ɗan lokaci ka ga ko za ta yi zafi ta kashe kanta, domin zafin watan Afrilu ba wasa ba ne.

Fujifilm kuwa ta wanda ba ya son zama gaban kwamfuta yana gyara ce. Kalolinta suna fitowa da kyau tun daga cikin kyamara, ka tura wayarka ka ɗora. Idan kuma atamfa ko turare kake ɗauka don Instagram, gaskiya fitila mai kyau da wayarka za su fi yi maka amfani a kan sabuwar kyamara.

Idan ta hannu za ka saya, ka bincika yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ka cire lensi ka haska sensa. Da yake babu madubi a gabanta, ƙura tana samunta da wuri. Na taɓa sauya lensi a waje lokacin hunturu, duk hotunan ranar suka fito da ɗigon baƙi a sararin samaniya, na kwana ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sai na kashe kyamara, na kifa bakinta ƙasa, sannan in sauya, a cikin mota ko ɗaki.