Ko Ka Sani? Fumfunar da ke Kashe Gara a Gonar Koko

Gara na cikin ƙwarin da ke addabar manoman koko a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kokon duniya, da kuma jihohin Ondo da Kuros Riba a Najeriya. Ɓarnarta ta fi tsanani da rani, musamman a kan dashe: ta ci saiwa, ta rarake gindi, ta lulluɓe ɓawo da yumɓu, manomi bai ankara ba sai ganye ya yi yaushi. A da ana maganinta da guba irin su aldrin da dieldrin, amma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta su, masu sayen koko a Turai kuma suna bincikar ɓurɓushin magani a cikin wakensa. Shi ya sa hankalin masana ya koma kan wasu ire-iren fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa.

Fitattu a cikinsu biyu ne. Beauveria bassiana ta samo sunanta daga Agostino Bassi, ɗan Italiya da ya gano a 1835 cewa ita ce ke kashe tsutsar siliki. Metarhizium anisopliae kuwa, Ilya Mechnikov ɗan Rasha ne ya same ta a jikin ƙwaron alkama a 1879. Ba sai ƙwaro ya haɗiye su ba. Ƙurar irinsu ta maƙale a jikinsa, ta tsiro, ta narkar da fatar ta huda ciki, ta bazu a jini tana sakin dafi. Cikin 'yan kwanaki garar ta mutu, gawar ta yi fari ko kore da sabon iri mai kama wasu. Ana yawaita irin a kan shinkafa, a busar, a gauraya da ruwa ko mai a zuba a gindin dashe da yamma, domin zafin rana na kashe shi. 'Yar'uwarsu Metarhizium acridum ce aka gwada a Nijar wajen yaƙi da fara.

A ɗakin gwaji abin ba wuya, a gona ne aiki yake. Gara akwai tsabta. Idan ta ji ƙamshin irin sai ta kauce masa, ta girgiza jiki ta gargaɗi 'yan'uwa. Suna lashe jikin juna su cire ƙurar kafin ta tsiro, su cinye ko su binne gawar da ta kamu, su toshe hanyar. Da wuya cutar ta isa wurin sarauniya a can cikin suri. Don haka amfanin fumfunar ya fi bayyana wajen korar gara daga gindin itace, ba wajen rushe gidanta ba. Abin mamaki, manyan garar da ke gina suri su ma manoman fumfuna ne: suna renon wadda ake kira Termitomyces a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ita ke narkar musu da itacen da suka tauna su samu abinci.