Sai Da Al-Fashir Ta Faɗi Kafin A Tuna Da Sudan

A ƙarshen Oktoban 2025, da mayaƙan RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka ƙwace birnin Al-Fashir na yankin Darfur, sunan Sudan ya cika kanun labarai na 'yan kwanaki, har wasu suka zaci yanzu yaƙin ya ƙazanta. Alhali tun 15 ga Afrilun 2023 ake gwabzawa, mutane fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma tun Agustan 2024 aka tabbatar yunwa ta kama sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam.

Akwai masu ƙirga irin wannan ambato a labarai. Shirin GDELT, alal misali, yana bin labaran duniya da kwamfuta, yana lissafa sau nawa aka ambaci kowace ƙasa. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan lissafi a matsayin ma'aunin bala'i. Abin da yake nunawa shi ne inda hankalin manyan ƙasashe ya karkata, da inda Reuters da AP da AFP suka girke wakilansu. Shi ya sa Yukiren ta cika kanun labarai, Burkina Faso kuwa ta yi shekara biyu a jere a saman jerin rikice-rikicen da aka yi wa ko-oho, wanda hukumar 'yan gudun hijira ta Norway take fitarwa.

Wannan kuka ba na yau ba ne, mu ne muka manta. A 1980, lokacin Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal yana shugabancin UNESCO, kwamitin Seán MacBride ya fitar da rahoto cewa labari yana kwarara ne daga Arewacin duniya zuwa Kudanci, da ƙyar yake komawa. Ƙasashen Yamma suka ce so ake a ba gwamnatoci damar toshe bakin 'yan jarida. Akwai ƙamshin gaskiya a tsoron nasu, don sojoji ke mulkin ƙasashenmu da yawa a lokacin. Amurka ta fice daga UNESCO a 1984, Birtaniya ta bi ta a 1985. Kafin nan, a 1979, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa kamfanin dillancin labarai na PANA mai hedikwata a Dakar, sai ƙasashen da suka haife shi suka riƙa jan ƙafa wajen biyan kuɗin da suka yi alkawari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ja jama'a gabas, suka kafa Maiwurno kusa da Sinnar. Jikokinsu da na alhazan ƙafa suna can. Da rikicin jihar Blue Nile ya rutsa da Hausawa a Yulin 2022, yawancinmu a Facebook muka fara ji.

Editocinmu su daina jiran Landan da Faris su ce ga labari. Adre, inda 'yan gudun hijirar Darfur suke tsallakowa, tana cikin Chadi, maƙwabciyarmu. A tura can wakili mai jin Hausa da Larabci, a kuma biya shi kuɗin zama.