Inshorar Dabba a Maamobi: Me Ke Gaskiya, Me Ke Ji-ta-ji-ta?

Ana saura sati uku babbar sallah ragon maƙwabcinmu ya daina cin abinci. Farin rago ne mai dogayen ƙafafu, irin waɗanda ake saukewa a kasuwar Tulaku ta Ashaiman daga Burkina Faso da Nijar. Tun bayan azumi ya turke shi, kullum dusa da ɓawon rogo, da safe kuma yara su kwance shi ya ɗan zaga bakin kwata. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, ido ya faɗa. Da aka ga zai tafi sai aka yi maza aka sa masa wuƙa don kada ya zama mushe. Mahauci na farke tumbi ya zaro wani dunƙule na baƙar leda da ledar ruwa, sun murɗe da juna kamar igiyar guga. Mai ragon ya zauna a kan benci ya rasa ta cewa.

A wurin nan, kafin a gama fiɗa, na ji maganganu huɗu a kan inshora. Wata dattijuwa ta ce masa, "Ɗana, da ka sa shi a katin asibitinka, ai gwamnati za ta biya." Wani saurayi ya ce shi ya san mai yi wa dabba inshora ta waya, a tura sidi kaɗan ta MoMo, ko dabbar ta riga ta kwanta. Wani ya ce wannan harkar Turawa ce da karnukansu, babu ita a Ghana. Na huɗu ya yanke hukunci da cewa duk haramun ne. Kowa da zuciya ɗaya ya faɗa, don a lallashi mutum. Amma maganar dattijuwar kuskure ce, ta saurayin tarko ce, sauran biyun kuma rabin gaskiya suka ɗauko.

Ta katin asibiti ba ta da tsawo. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, an kafa shi da doka mai lamba 650 a 2003, aka maye gurbinta da mai lamba 852 a 2012. Na mutanen da ke zaune a Ghana ne. Ba a yi wa kyanwa rajista, ba a ƙara rago a kan sunan maigida. Babban Asibitin Maamobi na mutane ne; lafiyar dabba tana hannun Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma, mai asibiti a La da jami'ai a ƙananan hukumomi. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai haɗa dabbarka da katinka, ya ci kuɗin ne kawai.

Batun cewa harkar Turawa ce, akwai ƙamshin gaskiya. A Suwidin aka fara, a 1890, kuma da dawaki da dabbobin kiwo aka fara, ba da kare ba. Kare na farko sai a 1924. Ingila ta biyo a 1947, Amurka kuma sai a 1982, da karen nan na fim mai suna Lassie. A yau yawancin karnukan Suwidin suna da inshora. Amma ku lura da mafarin: dabbar manomi ce, wadda in ta faɗi gida ya girgiza. Wannan kuwa labarinmu ne. A Ghana an kafa haɗakar kamfanonin inshorar noma, GAIP, a 2011, ta fara da kare manoman masara na arewa daga asarar fari. Dokar inshora ta 2021, mai lamba 1061, ta tanadi asusu na musamman don inshorar noma. A Nijeriya hukumar NAIC ta daɗe tana yi wa dabbobin kiwo inshora. Abin yana nahiyarmu, sai dai an fi gina shi don mai gona da mai garke, ba don mai rago ɗaya a bayan ɗaki ba.

A nan ne mutane suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai inshorar jinya, wadda ke ɗaukar kuɗin likita da magani da tiyata idan kyanwa ko kare ya yi ciwo ko mota ta buge shi. Akwai kuma inshorar mutuwa, wadda aka fi yi wa doki, saniya, tumaki da kaji, ita kuma ba ruwanta da kuɗin allura, sai dabbar ta mutu ta biya ƙimarta ko wani kaso daga ciki. Mai kyanwa na farkon yake nema. Mai ragon layya, in zai nema, na biyun ne. Wanda ya sayi ɗaya yana zaton ɗayar, ranar da ya je neman biya zai ce an cuce shi, alhali takardar tun farko ba ta yi masa wannan alkawari ba.

Maganar saurayin nan ita ta fi damuna, don ita ce ke raba mutane da kuɗinsu. Babu kamfanin inshora na gaskiya da zai karɓi dabbar da ta riga ta kwanta ya ce zai biya jinyar wannan ciwon. Inshora tana tsayuwa ne a kan mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, 'yan ƙalilan da masifa ta faɗa wa a ɗauke musu. In kowa zai jira sai ciwo ya zo, asusun ba zai kwana ba. Shi ya sa ake togace duk ciwon da dabbar ke da shi kafin a sa hannu, kuma ake sa lokacin jira. A Ingila da Amurka, kwana 14 shi ne aka fi sawa kafin a fara ɗaukar ciwo. Kyanwar da ta fara amai kwana biyar bayan an sa hannu, daga aljihunka za ka yi mata magani, kuma wani kamfanin ba zai ƙara ɗaukar wannan ciwon ba ko ya dawo baɗi.

Haka kuma zancen "komai za su biya" ba haka yake ba. A yawancin irin wannan yarjejeniya, kai za ka fara biyan likita, ka riƙe rasit, ka kai, sannan a mayar maka da wani kaso. A Amurka kason yakan kama daga 70 zuwa 90 cikin ɗari, bayan an cire wani adadi da aka ce kai za ka fara ɗauka. Akwai kuma iyakar abin da za a biya a shekara. Allurar riga-kafi, maganin tsutsa, dandaƙa da haihuwa galibi ba sa ciki sai an ƙara kuɗi. Dabba na tsufa kuɗin zubi na hawa. Ba zalunci ake ɓoyewa a nan ba, a rubuce yake. Matsalar ita ce takardar da Turanci take, ƙananan haruffa, mu kuma mun saba ciniki da baki da musafaha.

Mu koma kan ragon maƙwabcinmu. A ce yana da inshorar mutuwa ta gaskiya, za a biya shi? Da wuya. Abin da kowane Musulmi zai yi, shi ya yi: ya ga dabba za ta tafi, ya yanka. Amma irin wannan yarjejeniya takan ce ba a yanka dabbar da ke kan inshora sai likitan dabbobi ya gani ya amince, kuma in ta mutu a sanar da kamfani nan take, likita ya duba gawar ya rubuta dalili. Sau da yawa ana neman lamba a kunne ko hoto don a tabbata ita ce dabbar da aka rubuta. Ga kuma sharaɗin sakaci: rago da aka bari yana kiwo a juji, kamfani zai iya cewa laifin mai shi ne. Sata ma ba ta shiga sai an rubuta ta. Kuma rago da ya gurgunce ko ya rasa ido ya fita daga sahun layya, amma da ransa, don haka inshorar mutuwa ba ta san da shi ba. Duk mai son yi wa ragonsa inshora a Zango, tambayar yanka ita ce ta farko da zai yi, kuma ya sa a rubuta masa amsar.

Shi ma saurin yankan yana da wurin da bai kamata ba. A watan Yuni na 2023, dab da babbar sallah, cutar antiraks ta ɓulla a Jihar Gabas ta Sama, wajen Binduri, har aka rasa rai, hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi a jihar na wani lokaci. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a farke ta, ba a cin namanta. A kira jami'in dabbobi.

Saura maganar haramci, wadda ba a yi mata gaggawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci mai zubi ƙayyadadde akwai garari mai yawa a cikinta, don haka ba ta halatta ba. A wannan zaman dai ta halatta inshorar taimakon juna, wadda aka gina kan kyauta da haɗin kai. Akwai kuma malamai irin su Shaihu Mustafa al-Zarƙa na Siriya da suka ga halaccin ta kasuwancin ma. Wanda ya ce duk haramun ne ya bar rabin hukuncin a baya. Takaful, wato wannan inshorar taimakon juna, ba sabon abu ba ne: a Sudan aka buɗe kamfani na farko a 1979, Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Har dabbobi ya kai. A Wajir ta arewacin Kenya, a 2013, an fara takaful na dabbobi ga makiyaya Musulmi, inda ake auna bushewar makiyaya da tauraron ɗan'adam a biya su idan fari ya tsananta. Mutum ya tambayi malaminsa, amma ya je masa da takardar a hannu, don hukunci yana bin yadda aka ƙulla yarjejeniyar ne.

Ni dai ga abin da nake gani. Ga mai kyanwa ɗaya ko tumaki biyu a Maamobi da Nima, abin da ya fi kashe dabbobinmu ba abin da inshora ke tarewa ba ne. Leda ce, tsutsar ciki ce, rashin allura ne. Cutar PPR mai zuwa wa awaki da tumaki da majina, gyambon baki da zawo, wadda aka fara ganowa a maƙwabciyarmu Kwaddibuwa a 1942, tana da allura mai kare dabba shekaru. Ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kyanwa ma tana ɗauka ta ba mutum, kuma allurarsa ana farawa tun dabba na wata uku. Kamfanin inshora na gaskiya shi kansa zai nemi ganin katin allurar kafin ya biya ka. Ko ta ina aka ɓullo, allura ce a gaba.

Na ga wata Hajiya a layinmu da ke da kyanwa mai ruwan toka, wadda ke kwana a kan buhun shinkafarta. Tana da gwangwanin madara da ta huda murfinsa, duk ranar kasuwar Laraba in ta dawo daga Nima sai ta jefa abin da ya sawwaƙa. Da ƙafar kyanwar ta karye, a cikin kwali ta sa ta, jikanta ya ɗauka suka hau mota zuwa wurin likita, kuɗin gwangwanin nan ya biya. Babu lokacin jira, babu togaciya. Iyakarsa dai, in babbar tiyata ce ba zai isa ba, kuma wannan gurbin ne inshorar jinya ta gaskiya take cikewa ga mai dabba mai tsada: doki, ko karen gadi na asali, ko rago na kiwon iri. Masu turke raguna goma ko ashirin don sayarwa su kuma, in sun haɗu ƙungiya ɗaya kamar yadda ake susu, wato adashi, sun fi samun kamfani ya saurare su a kan kowa ya je shi kaɗai.

Wanda ya zo maka da tallar inshorar dabba, kada ka kore shi, kada kuma ka tura kuɗi. Mutanen ƙasar nan ba su manta da DKM da Menzgold, kamfanonin da kuɗin jama'a suka maƙale a hannunsu, ba. Ka nemi sunan kamfanin, ka duba shi a jerin masu lasisi na Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, wadda ita ce kuma ke karɓar ƙorafi idan kamfani ya ƙi biya. Ka nemi shaidar shi wakilin. Ka tambaya a wurin wane likita aka yarda ka kai dabbar, domin rasit ɗin mai sayar da magani a bakin titi ba zai karɓu ba. Likitan dabbobi a Ghana sai mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi. Ka karɓi takardar ka kai gida, ɗanka ko ƙanwarka mai karatu ta karanta maka shafin abubuwan da ba sa biya kafin na waɗanda suke biya. Kuɗi kuma a asusun kamfani ake zubawa, ba a lambar MoMo ta mutum ba.

In kuwa kare ko kyanwa ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a ajiye duk wani zancen kati da takarda. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, a kuma sanar da jami'in dabbobi don a sa ido a kan dabbar.