Ƙwannafi a Lokacin Goyon Ciki

A ɗakin awon ciki, da wuya a yini ba a samu mai kukan zafi a ƙirji ba, wanda ke tasowa daga ciki har maƙogwaro, wani lokaci da ruwa mai tsami a baki. Wannan shi ne ƙwannafi.

A bakin tumbi akwai wata tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. Sinadarin furojestaron, wanda ke ƙaruwa a jikin mai ciki, yakan sa tsokar ta saki. Idan ciki ya tsufa kuma, mahaifa tana danne tumbi, sai ruwan tsamin da ke narka abinci ya yi sama. Ba ya cutar da jariri, kuma galibi yakan tafi bayan haihuwa.

Uwargida, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana, maimakon cika ciki da tuwo lokaci guda. Ki rage yaji, maiƙo, soye-soye, goro, kofi da lemon kwalba. Ki bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ki kwanta ta gefen hagu, a ɗaga wajen kan gado. Maigida, a taimaka a ci abincin dare da wuri.

Mun san ana jiƙa kanwa a sha. Takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta bai dace da mai ciki ba. A bar ta.

Idan abin ya ƙi, likita zai iya rubuta irin su Gaviscon, ko omeprazole idan ya yi tsanani. Sai dai a bar awa 2 tsakanin maganin kashe tsami da ƙwayar ƙarin jini, domin yana hana jiki tsotse ta. Ranitidine kuwa an janye shi daga kasuwa a ƙasashe da dama a 2020. In akwai ragowarsa a gida, kada a sha. Haka ibuprofen da diclofenac: suna ƙara zafin.

Abin da ya fi damun mu shi ne ciwon da ke kama da ƙwannafi alhali ba shi ba ne. Idan ciki ya wuce mako 20 aka ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙari na dama, tare da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, wannan na iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga. Kada a jira ranar awo, ko da tsakar dare ne a kawo ta asibiti. Haka nan idan ta yi aman jini, ko haɗiyar abinci ta gagara.