Tsutsar Gishiri: Daga Tafkunan Fazzan Zuwa Gwangwanin Masu Kiwon Tarwaɗa

Duk wanda ya shiga kiwon tarwaɗa, daga Kaduna har ƙasar Birnin Gwari, ya ji labarin wani gwangwani mai tsada da masu ƙyanƙyasar kifi ke saye, cikinsa akwai gari ja-ja kamar rairayi. To, wannan garin ƙwai ne na wata 'yar halitta wadda masana ke kira Artemiya. Dangin jatan lande ce, amma Larabawan Fazzan suka sa mata suna dud, watau tsutsa.

Tsawonta kamar santimita 1 ne, tana da ƙafafu 22, kuma a rigingine take iyo. Mazauninta tafkin gishiri da kududdufan da ake shanya ruwa a rana don a kwashi gishiri. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 cikin kowace lita, ita kuwa tana jure ninkin wannan sau biyar har fiye. Kifi ba ya iya zama a nan, saboda haka ba mai cinta cikin ruwan, sai tsuntsaye daga sama. Gishirin da ke hallaka wasu, shi ne ganuwarta.

Abincinta gansakuka ce ƙanana waɗanda ido ba ya gani, tana tace su da ƙafafunta. Ta haka ruwa ke washewa, gishiri ya fito tsabtatacce. Masu gishirin Lymington a Ingila sun daɗe da sanin wannan, kuma da tsutsar kududdufansu ne masani Linnaeus ya shigar da ita littafinsa cikin 1758.

Idan gishiri ya yi yawa ko abinci ya ƙaranta, sai macen ta zuba ƙwai masu ɓawo mai tauri. Ƙwan yakan bushe ya yi shekaru bai mutu ba. Ran da aka jiƙa shi cikin ruwan gishiri, sai ya ƙyanƙyashe cikin kamar sa'a 24.

Ga fatake kuwa, wannan halitta tana kan tsohuwar hanyarsu. Fazzan ita ce ƙasar da a da ayarin Kano ke ratsawa zuwa Tarabulus, ta Gat ko ta Murzuƙ. Cikin rairayin Ubari akwai tafkuna, kamar Gabr Aun, inda waɗansu mutane da ake kira Dawwada suka zauna. A da, matansu ke shiga ruwa da koma su kwaso tsutsar, a kirɓa, a cura, a shanya, a ci da dabino, saura kuma a sayar. Likita Oudney, Baturen Birtaniya, ya ga wannan cikin 1822 ya rubuta. Shi ne ya rasu kusa da Katagum cikin 1824, abokin tafiyarsa Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato. An tashi Dawwada daga tafkunan cikin shekarun 1980.

Abin da Dawwada suka sani da baki, masana sun tabbatar da awo. Kimanin rabin nauyin busasshiyar tsutsar furotin ne, watau abin da ke gina jiki cikin nama da wake, kana akwai mai. Amma kyan man yana bin irin gansakukar da ta ci, shi ya sa ta wani tafki kan fi ta wani. Tun shekarun 1930 aka gane 'ya'yanta abinci ne ga jariran kifi, don suna motsi, kuma sun dace da ƙaramin baki. Babbar mahakar ƙwan ita ce Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka. Manoman gishirin Vinh Chau a Biyetnam kuma suka soma kiwonta cikin kududdufansu tun shekarun 1980, suka haɗa riba biyu.

To, ga nasiha ga mai saye da mai sayarwa. Gwangwani ya zauna a rufe, wuri mai sanyi, don laima da zafi suna kashe ƙwan. A gwada kaɗan kafin a biya kuɗin mai yawa. Idan ya ƙyanƙyashe a ba kifi nan da nan, gama 'yar tsutsar da guzurin gwaiduwa take fitowa, kowace sa'a tana cinye shi, amfaninta yana raguwa. A ware ɓawon, don yana toshe cikin jaririn kifi. A zuba gwargwadon abin da za su cinye, domin ruwan rafi da na rijiya ba mazauninta ba ne, sa'o'i kaɗan take yi ta mutu ta ɓata ruwa.

Wanda ya san halin hajarsa, da wuya ya yi hasara. Haza wasalam.