Charleston: Garin da Ruwa Ya Kafa, Ruwa Ya Tayar

Bature kan ce garin fatalwa, Bahaushe kuwa kufai yake cewa. Ni na fi gamsuwa da kalmarmu, domin ba ta ɗora alhaki a kan aljanu. Tana tuna mana ne cewa mutane suka zauna, mutane suka tashi. Saboda haka tambayar da ta dace da kowane kufai ita ce: me ya tara jama'arsa, me kuma ya watsa su?

Mai karatu, mu duba Charleston da ke jihar Arizona ta Amurka. A 1877 Ed Schieffelin ya gano azurfa a tsaunukan da daga baya aka kafa garin Tombstone. Sai dai tace azurfa na buƙatar ruwa mai yawa, ga shi Tombstone ba ta da shi. Dole aka riƙa jan dutsen a kekunan alfadarai zuwa kogin San Pedro, tafiyar kimanin kilomita 14. Can a Millville injuna masu taɓaren ƙarfe ke daka shi, a cuɗa da zaiba, a ware azurfa. A ɗaya gaɓar kogin aka kafa Charleston a 1879, ya zama mazaunin ma'aikata, har jama'arsa ta kai wajen 400.

Ba a daɗe ba mahaƙa suka cim ma ruwa a ƙarƙashin Tombstone. Da ruwa ya samu a bakin rami, hujjar kai dutse kogi ta fara gushewa. Daga bisani ruwan ya fi ƙarfin mahaƙan. A 1886 gobara ta cinye injin zuƙar ruwa na mahaƙar Grand Central, farashin azurfa kuma na faɗuwa, injunan daka suka yi tsit. Girgizar ƙasa ta 3 ga Mayu 1887 ta farfasa gidajen tubali, aka rufe gidan waya a 1888. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin sansanin Huachuca suka mayar da kangayen filin atisaye.

Tombstone ta tsira, domin ta zama hedikwatar gunduma daga 1881 zuwa 1929, sannan 'yan yawon buɗe ido suka riƙe ta. Charleston kuwa aiki ɗaya yake yi wa maƙwabci, ranar da maƙwabcin ya daina buƙata sai ya rasa dalilin zama. A ganina, duk garin da bai mayar da ribar ma'adininsa gona, kasuwa da makaranta ba, zango ne kawai, komai tsawon titunansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.